Gidan Gurgu, Ba Mai Ɗingishi

Kaf gidan Gurgu babu mai ɗingishi. Maza da mata, manya da yara, kowa ƙafarsa garau, wasunsu ma don tsawo sai sun sunkuya kafin su shiga ƙofar shago. Amma sunan da ke jikin takardun makarantarsu, da katin asibitinsu, da allon da ke saman shagonsu na kafintoci, shi ne Gurgu. Kakansu ne ya ɗauko sunan ya laƙaba wa kansa da zuriyarsa, alhali shi haifaffen gidan Maibene ne, gidan da ake ji da shi a zamanin da. Mutum ya ajiye Maibene ya ɗauki Gurgu, ai ko yaro ya san ruwa ba ya tsami banza. Sai dai tsohon ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa buɗe baki ya ce ga dalili ba, 'ya'yansa kuma ba su taɓa ganin fuskar tambaya ba.

A cikin jikokinsa babu wadda ta shaƙu da shi kamar Auta. Yanzu kanta ya soma furfura, ta aurar da 'ya'ya, amma Auta ake ce mata har gobe. Ita kaɗai ce mace a shagon, ita ke goge katako da samfefa ta shafa fenti, kuma duk kujerar da ba ta bi ta hannunta ba, ba ta fita. Bakinta kuwa, Allah ya kiyaye, zarto ma ya san da zamansa. A ƙafar Kaka ta tashi, cikin garin katako, yana aiki tana zuba masa surutu, shi kuma yana amsawa da ka. Tana son mutumin nan so na gaske, kuma ba ta ɓoye wa kowa.

Babban wansu, wanda kowa ke kira Yaya Babba, shi ke riƙe da shagon tun rasuwar mahaifinsu. Kafinta ne na ƙwarai, mutum mai haƙuri, amma sunan nan ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Tun yana firamare yara ke bin bayansa suna jan ƙafa, har ya girma abin bai bar ransa ba. Wata safiya, kafin a kunna inji, ya tara ƙannensa a tsakiyar shago ya ce yana da magana.

"Na haɗu da Mai-kemis, jikan ƙanin Kaka, na can gidan Maibene," in ji shi. "Mun daɗe muna hira. Ya ce abin da aka sani a gidansu shi ne sata Kaka ya yi, uban ya kore shi, kunya ta sa ya ɓuya a bayan sunan banza. Ya ce su dai sun yafe, abin da ya wuce ya wuce, mu dawo sunanmu na asali."

"Kai kuma ka ce masa me?" in ji Auta.

"Na ce mun gode."

"Ka gode. An kalli tsabar idonka an ce kakanka ɓarawo ne, ka ce ka gode. Ba ka ƙara masa da goron albishir ba?"

Yaya Babba ya juya ga sauran ƙannensa. Ya ce ya riga ya yi magana da mai fenti, wanda ke rubutun alluna, da zarar ya gama aikin da ke hannunsa zai zo ya goge allo ya rubuta Maibene, daga nan a bi takardun yara ɗaya bayan ɗaya. Sauran mazan suka sunkuyar da kai. Auta ta ce ita ba ta yarda ba, domin komawa sunan nan daidai yake da sa hannu a kan cewa Kaka ya yi satar.

"To ke kawo abin da ya fi wannan," ya ce a hankali. "In kin kawo kafin mai fenti ya zo, na ji. In ba ki kawo ba, Auta, sunan zai sauka. Na gaji."

Ba ta ko cire rigar aiki ba ta nufi kemis ɗin. Ɗan shago ne a gindin tsohon benen gidan Maibene, wanda yanzu aka yanka shi ɗaki-ɗaki aka zuba 'yan haya, wanki na lilo ta kowace taga. Mai-kemis na bayan kanta yana jera kwalabe, mutum mai faɗin fuska da fara'ar da ta yi yawa. Suka gaisa, ta faɗi ko ita wace ce, ya hau murna da 'yar'uwa, 'yar'uwa. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi abin da Kaka ya sata.

"Ƙofa," in ji shi.

"Ƙofa?"

"Ƙofar falon mahaifinsa. Babba ce, mai kauri, sabuwa fil. Da rana tsaka ya ciro ta ya fice da ita. Ba a sake ganinsa a gidan ba, ba a sake ganin ƙofa ba. Haka na ji daga bakin kakana."

"Gida cike da dukiya, ya tsallake komai ya ɗauki ƙofa?"

"Ai mai hali ba ya zaɓe, 'yar'uwa."

Ta fito tana tsaki, amma gaskiyar magana abin ya tsaya mata a rai. Da ya ce mata kuɗi ko gwal, da ta ce ƙarya ce ta shuɗe. Ƙofa kuwa, wa zai zauna ya ƙirƙiri satar ƙofa? Abin ya yi kama da gaskiya, kuma wannan ne ya tsorata ta.

Daga ranar ta shiga bin tsofaffi. Ta je wurin gwaggonsu da ta rage, ta tarar tsufa ya cinye labarin, sai dai ta ce ita da wayonta ta ga mahaifinta yana Gurgu, tafiyarsa kuwa kamar an kafa sanda. Ta shiga kasuwar katako rumfa-rumfa, duk wanda ta gani da farin gemu sai ta tsaya. Kowa ya san Kaka, kowa ya yabi aikinsa, ba wanda ya san mafarin sunan. Wani ya ce wai tsere ya yi da wani ya faɗi, wani ya ce wai mafarki ya yi. Ƙafarta ta kumbura, kujeru suka taru a shago suna jiran fenti, matar Yaya Babba ta soma habaicin masu neman abin da ba su ajiye ba. Ana cikin haka labari ya zo cewa mai fenti ya kusa gamawa.

Wani mai sayar da ƙusa ne ya ce ta leƙa layin bayan tashar jirgin ƙasa, inda ake gyaran tsofaffin kaya, ko za a dace. Layi ne matsattse, gadaje marasa ƙafa a jingine da bango, kabad-kabad a kife, ga ƙarar guduma ta ko'ina. Ta bi shi har ƙarshe ba ta samu komai ba. Ta juyo ke nan, ranta a ɓace, sai idonta ya faɗa cikin wata rumfa, ta tsaya cik.

To, a nan sai an san wani abu game da 'yan gidan Gurgu. Kafintocin duniya a tsaye suke aiki, bencinsu ya kai ƙugu. Su kuwa bencinsu ko gwiwa bai kai ba. A zaune suke yanka, a zaune suke fere katako, su tanƙwashe ƙafar dama su danne aikin da ita, ta hagu kuma su miƙe ta gefe sanƙarau kamar ba tasu ba. Haka Kaka ya yi, haka ya koya wa 'ya'yansa, haka jikoki suka taso suka gani. In sun je aiki gidan mutane aka ba su tebur, sai ka ga sun sauke katako ƙasa sun zauna, masu gida na dariya. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili, kamar yadda mutum ba ya tambayar me ya sa yake cin abinci da dama. Auta ta yi imani duk faɗin duniya su kaɗai ke wannan zama.

Ga shi kuwa wani tsoho, ƙashi da fata, yana gyaran ƙafar kujera a kan guntun benci, dama a tanƙwashe, hagu a miƙe sanƙarau.

Ta yi sallama ta durƙusa. "Baba, ƙafar ce ke ciwo?"

"Wace ƙafa? Lafiyarta lau." Ya ɗaga ta ya karkaɗa don ta gani.

"To wa ya koya maka wannan zaman?"

"Maigidana. Shi ne tasa ba ta lanƙwasuwa, mu kuwa muka kwaikwaya har da ita, don yaro ba ya raba aiki da mai aikin." Ya ƙura mata ido. "Ke 'yar wane gida ce da kike tambayar zama?"

Da ta faɗi sunan gidansu, tsohon ya ajiye guduma. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya jawo wata kujera da ya gama gyarawa ya ce ta zauna, ai ita 'yar gida ce. Ya ce shi ne yaro na ƙarshe da Gurgu ya koya wa aiki, Gurgu na ainihi, kuma kakanta shi ne babban wansu a shagon.

"Ashe akwai Gurgu na ainihi," in ji Auta. Muryarta ta yi ƙasa, abin da ba a saba ji ba.

"Akwai mana. Da ƙafarsa garau aka haife shi. Shi ne kafintan da ya yi wa Maibene, uban kakanki, rufin benensa. Ana cikin aiki katako ya karye da shi, ya faɗo tun daga sama, ƙugu da ƙafa suka tafi. Maibene ya leƙo ya ce a ja shi waje a ajiye a bakin hanya, kada ya mutu masa a gida, sauran kuma su koma aiki. Kakanki lokacin saurayi ne, ko gemu bai yi ba. Ya ga in aka ja mutumin nan a ƙasa, ko aka saɓa shi a kafaɗa, an gama da shi. Ya duba bai ga abin da za a shimfiɗe shi a kai ba, sai ƙofar falon uban, wadda shi mai faɗuwar ne ma ya yi ta. Ya ciro ta."

"Ya ciro ta," Auta ta maimaita.

"Uban na tsaye yana cewa in ka fita da ƙofar nan kada ka dawo mini gida. Ya roƙi leburori su kama masa, kowa na tsoron bakin aikinsa, da ƙyar ɗaya ya yi shahada ya kama gefe. Suka kai shi asibiti a kanta. Rai ya yi saura, ƙafa ce dai ba ta dawo ba. Da aka sallame shi ba shi da kowa, ba mata, ba ɗa. Kakanki ma ba shi da gidan komawa. Sai suka kama ɗaki ɗaya, marar gida da marar ƙafa."

Ya ce Gurgu ya yi rantsuwa ba zai yi bara ba. Ya sa aka yi masa benci daidai zamansa, ya koma sana'a daga ƙasa, yana koya wa yaron. Da fari mutane suka ƙi kayansa, ana cewa kujerar gurgu ai ita ma sai ta yi ɗingishi. Kaka ne ke ɗaukar kujerun a ka yana bin gidaje, ya ajiye ya ce a hau a yi tsalle a kai. In aka tambayi aikin wane ne, ba ya ɓoyewa, sai ya ce na Gurgu ne, da ƙarfi, har na bayan gida ya ji. Sannu a hankali sunan da ake tsokana da shi ya zama sunan da ake nema, har wasu kafintocin suka riƙa ƙaryar cewa a wurinsa suka koya.

"To sunan fa, Baba? Yaya aka yi ya zama namu?"

"Wannan a gabana aka yi. Ranar da za a sa ubanki a makaranta, Gurgu ya ce shi ma sai ya je ya gani, don shi ya yi renonsa. Muka ɗora shi a kura, ni ke turawa. Malami ya tambayi sunan yaro aka faɗa, ya ce sunan gida fa? Kakanki ya ce Gurgu. Malami ya ɗaga kai ya ce wasa kake? Ya ce rubuta. Tsoho na cikin kura ya hau faɗa, yana cewa kada ka ɓata wa yaro suna, in ma dole ne ga sunana na yanka. Kakanki ya ce a'a Baba, mai wancan sunan faɗowa ya yi, wannan ne ya tashi. Ban taɓa ganin maigidana ya yi kuka ba, ko ranar da ciwo ya fi tsanani, sai ranar. Har muka iso gida yana share fuska da hula."

Auta ma ta share tata da gefen mayafi, ba kunya. Daɗi ne ya cika ta har ta rasa inda za ta sa shi, sai kuma haushi ya biyo baya. Ta ce to don me Kaka ya yi shiru, ya bari ana kiransa ɓarawo shekara da shekaru?

"In ya faɗi dalilin ɗaukar ƙofa, ai ya faɗi abin da ubansa ya yi," in ji tsohon. "Ya ce gara a ce shi ɓarawo ne da a ce ubansa ya jefar da mutum a bakin hanya. Ke ma na gaya miki ne don jininsa ce. Ki gaya wa 'yan'uwanki, amma kada ki kai wa 'yan gidan can, ba zai so ba." Ya ɗauki gudumarsa, sannan ya ƙara da cewa, "Babban bencin nan mai nauyi yana nan a shagonku? In kin koma ki sa a kife shi."

Tasi ta ɗauka, ita da ke tafiya a ƙasa don tsimin kuɗi. Tun daga bakin layinsu ta hango tsani a jingine, mai fenti a sama, allo ya yi fari fat, ba ko alamar tsohon suna. Mai-kemis na zaune a inuwa a kan sabuwar kujerar wani, ya zo ganin ranar farin ciki, har da lemon kwalba ya kawo. Maganganu suka taso wa Auta har wuya, irin waɗanda in ta sake su sai an kwashe mutum. Ta haɗiye su. A rayuwarta ba ta taɓa haɗiye abu mai ɗaci kamar wannan ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta wuce ciki ta kama hannun rigar Yaya Babba.

"Zo ka ji, Yaya. Ku ma ku zo."

A can ƙuryar shago, inda ƙarar titi ba ta kai, ta ba su labarin tun daga rufin bene har zuwa kura. Da ta gama, Yaya Babba ya ce labari ne mai daɗi, amma tsoho na iya faɗin komai. Ta ce ita ma haka ta ce a ranta, shi ya sa take so a kife babban benci.

Benci ne da ba a taɓa ɗaga shi ba tun da suka yi wayo, sai da maza huɗu suka kama. Da ya kifu, ƙura ta lafa, suka ga abin da suka yi shekaru suna aiki a bayansa. Fuskar ƙofa ce, da zanen furanni an sassaƙa a jiki, tsohon fenti kore bai gama fita ba. A gefe ɗaya ga gurbin ƙarafunan da take juyawa a kansu, katakon ya tsage inda aka fizge su da gaggawa. A ɗaya gefen ga kafar makulli, wadda ta sama suka ɗauka rami ne kawai, suke soke fensir a ciki.

Yaya Babba ya durƙusa ya bi tsagewar da yatsa, kamar yadda kafinta ke karanta katako. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, ya ce, "Ko ƙusoshin bai tsaya cirewa ba." Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya fita, sauran suka bi shi, Auta a baya idonta a kansa, don har yanzu bai ce ga abin da ya yanke ba.

Mai fenti ya riga ya tsoma buroshi. Ya leƙo daga saman tsani ya ce, "Maigida, Maibene ɗin da manyan baƙi ko ƙanana?"

"Mayar da abin da ka goge," in ji Yaya Babba. "Da manya. Ya fi na da girma, yadda na cikin mota zai karanta."

Mai-kemis ya ajiye kwalbarsa, fara'ar ta ragu. "Haba ɗan'uwa, me ya faru kuma? Ba mun gama magana ba? Ko an ce maka ƙarya na yi, bai ɗauki ƙofar ba?"

Auta ta dafe bakinta da hannu biyu, don ba ta amince da shi ba.

"Ba ka yi ƙarya ba," in ji Yaya Babba. "Ya ɗauka. Mun gode da yafiya, zumunci kuma yana nan, ƙofarmu a buɗe take gare ku. Amma suna muna da shi."

"Ka yarda ya ɗauka, kuma ba ka ji kunya ba?"

"Abu ɗaya ne ya dame ni," ya ce. "Ban zo duniya da wuri ba. Da ina nan ranar, ni zan kama masa ɗaya gefen."

Mai-kemis ya dubi wannan ya dubi wancan, bai gane komai ba, ba kuma wanda ya yi masa bayani. Auta ta sauke hannunta daga baki, ta ga ashe ba abin da ya rage da za ta faɗa. Ta je ta riƙe wa mai fenti tsani da kanta, tana dariya hawaye na zuba, tana ce masa ya bi a hankali kada ya karkatar mata da baƙi ko ɗaya.